DARASIN TURANCI: YADDA BATURE YAKE FAƊIN "NEMAN ABINCI"



A zangon karatun da ya wuce na sa 'yan aji shida su rubuta sana'ar iyayensu da Turanci. Wani yaro, ba zan faɗi sunansa ba, ya rubuta: "My father goes to the market to look for food." Mahaifinsa kuwa tela ne, har da yara biyu masu koyon ɗinki a shagonsa. Abin da yaron yake nufi shi ne baba yana fita kasuwa neman abinci, kamar yadda muke faɗi kullum. To amma in Bature ya karanta wannan, sai ya ɗauka yunwa ce ta koro mutumin, yana zagaya rumfuna ko zai tsinci abin sawa a baka. Kun ga yaro ya mai da ubansa mabaraci ba da saninsa ba, ga kuma maki ya zube.

Abin da ya kamata ya rubuta shi ne: "My father earns his living as a tailor." Kalmar "earn" tana nufin samun abu da guminka. Ita kuwa "living" a nan, abin da ake rayuwa da shi take nufi, wato ci da sha da sutura. In sunan mai sana'ar zai biyo baya, sai a sa "as". In kuma aikin ne da kansa, sai a sa "by", a ƙara "ing" a ƙarshen aikatau: "My mother earns a living by selling groundnut oil." Wato inna tana sayar da man gyaɗa, da shi take riƙe kanta. Ana iya cewa "make a living", duk ɗaya ne. Hanyar samun kuma ita ce "livelihood".

Waɗannan duka ba su nuna wahala ba. In ana so a nuna abin da ƙyar yake isa, akwai "make ends meet", wato haɗa bakin nan da wancan, kuɗin wannan wata su kai mutum wata na gaba. Galibi tare da kuka ake faɗinta: "He is struggling to make ends meet." Akwai "live from hand to mouth", wadda ba ta buƙatar dogon bayani, don ita ce hannu baka hannu ƙwarya tamu. Wadda ta fi burge ni ita ce "scrape a living". "Scrape" kankara ce, irin wadda kuke yi wa gindin tukunya in kuna son ƙanzo. Ku kula fa, kada a ɗora wa mutum ɗaya daga cikin ukun nan alhali yana da wadatarsa.

Mai ciyar da gida shi ne "breadwinner", don burodi a wurinsu kamar tuwo yake a wurinmu. Hatta kalmar "lord", da suke kiran mai sarauta da ita, asalinta a tsohon Turanci mai tsaron burodi take nufi.

Sai "rufin asiri". Wannan kam Turanci bai da kwatankwacinta sosai, don a cikinta akwai mutunci da godiya ga Allah. Kada wanda ya rubuta "cover secret", ba mai gane shi. Mafi kusa ita ce "We get by", wato muna lallaɓawa, ba mu roƙi kowa ba.

Aikin gida: kowa ya tambayi mutum uku a gidansu sana'arsu, ya rubuta jimla uku, ɗaya da "as", biyu da "by". Sannan ku juya wannan zuwa Turanci: Annabi (S.A.W.) ya yi wa mutanen Makka kiwo ana biyansa lada. A kawo ranar Asabar, a littafi, ba a fallen takarda ba.