Darasi Na 17: Mu Duba Ayabarmu

Ayaba tana da wata muguwar cuta wadda ba ta da magani. Turawa suna ce da ita banci-tof, wato cunkushewar kai. An fara ba da labarinta a tsibirin Fiji a 1889. A Nijeriya kuwa, a Jihar Ogun aka gan ta, kusa da iyakar Jamhuriyar Benin.

Abin da ke kawo ta wata ƙwaya ce ƙanƙanuwa, ido ba ya ganinta. Darɓa ce take ɗaukarta daga wannan ayaba zuwa waccan. Mun san aikin darɓa, ita ta yaɗa kuturtar gyaɗa a 1975. Ta ayaba dabam ce. Baƙa-baƙa ce, tana ɓuya a gindin ganye. Inda muka ga tururuwa suna hawa da sauka, mu buɗe wurin mu duba.

Amma darɓa ba ta kai mutum nisan tafiya ba. Mu ne muke sayo 'ya'yan ayaba daga wani gari, mu ɗora a mota, mu kawo lambunmu mu dasa. In uwar tana da cutar, 'ya'yan ma suna da ita.

To, yaya za mu gane ta? Mu zaga lambu a hankali, gindi bayan gindi. Mu ɗaga sabon ganye wajen rana, mu duba bayansa. In akwai cutar, za mu ga ɗige-ɗige da gajerun zane, kore shar, suna bin jijiyoyin ganyen. Wannan ita ce alama ta fari, kuma ita ta fi muhimmanci. Daga baya ganyaye su gajarce, su tsuke, bakinsu ya yi rawaya, su miƙe su cunkushe a ka. Ayabar da ta kamu tun tana ƙarama ba ta yin nono.

Wani lokaci ido ba ya isa, domin cutar takan yi makonni ba ta nuna ba. Shi ya sa ma'aikatan gona sukan ɗebi ganye su kai ɗakin gwaji, kamar na Ibadan.

In mun ga alama, mu gaya wa malamin gona. A fara fesa magani a kashe darɓar, kada ta watse. Sa'an nan a tone gindin duka, uwa da 'ya'ya, a sassare, a bar shi ya bushe. Sare kai kaɗai aikin banza ne, sabon toho da cutar zai fito.

Tambayoyi
1. Me ke ɗaukar wannan cuta?
2. Don me muke ɗaga ganye wajen rana?