Jirgin Ƙasa Na Kara Da Gwangwani

Duk yaron da ya tashi a cikin birnin Zariya ya san motar kara. Da zarar an girbe dawa, sai ka ga yara a gindin katanga, kowa da rezarsa, ana fere ɓawon kara ana soka shi cikin totuwa, kafin la'asar mota ta fito har da fitilu. Amma ba kasafai ake ganin wanda ya ƙera jirgin ƙasa ba. Wanda ya gwada kuwa, yawanci abin da yakan samu shi ne jerin akwatuna a kan marafan kwalba, direban ya fi taragon tsawo, bututun hayaƙin kuma ya fi tukunyar kauri. Hannun mai aikin ba shi da laifi. Abin da ya rasa shi ne awo, kuma a kan awon nan nake so in yi wa 'yan'uwana 'yan makaranta bayani, gwargwadon abin da na koya wajen ƙera nawa.

A ƙasashen Turai wannan aiki har manyan mutane masu furfura suna yin sa. A birnin Hamburg na ƙasar Jamus akwai wani gida da aka buɗe a 2001, inda aka shimfiɗa ƙananan hanyoyin dogo da tsawonsu ya wuce kilomita 15, da garuruwa da duwatsu da tashoshi. Abin da ya sa nasu yake kama da na gaske shi ne kowane abu an rage shi da lissafi guda. Awon da suka fi amfani da shi suna kiransa HO, watau a raba girman abu na gaske gida 87 a ɗauki ɗaya. In an rage jirgi haka, to, haka za a rage mutum, da itace, da saniya. Jiragen da kamfanoni irin su Hornby da Märklin suke sayarwa suna da kyau, amma suna da tsada, kuma siffar jiragen ƙasarsu ce. Mu a Zariya muna da namu abin kwaikwayo.

Hanyar dogo da ta taso daga Baro a bakin Kwara ta iso Zariya ta zarce Kano a 1911. Ba ta shigo cikin ganuwa ba, a Sabon Gari aka kafa tasha. Daga nan aka fitar da wata siririyar hanya mai zuwa Jos da Bukuru don ɗauko kuza, aka gama ta a 1914, aka rufe ta a 1957. Sannan aka ja wata ta Funtuwa da Gusau, ta kai Ƙauran Namoda a 1929. Ashe ke nan akwai lokacin da hanya huɗu take fita daga tashar Zariya. Babbar hanyar faɗinta ƙafa 3 da inci 6 ne, watau milimita 1067. Ta Jos ɗin ƙafa 2 da inci 6 ce, saboda haka taragonta ba ya iya hawa babbar hanya, dole a sauke kaya a Zariya a sake loda su. Sabuwar hanyar Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ta fi su duka faɗi, milimita 1435.

To, awon da na zaɓa shi ne rabin inci a madadin ƙafa ɗaya, watau kashi ɗaya cikin 24. Na zaɓe shi domin lissafinsa ba ya bukatar takarda, kuma totuwa ba ta yankuwa ƙanana ƙwarai kamar na HO. Ka raba yawan ƙafafun biyu, abin da ya fito shi ne incinka. Ƙofar zaure mai ƙafa 6 ta zama inci 3. Mutum mai ƙafa 5 da rabi ya zama inci 2 da kashi uku cikin huɗu. Hanyar dogonmu mai ƙafa 3 da rabi ta zama inci 1 da kashi uku cikin huɗu. Ka rubuta wannan a bangon littafinka, kada ka canza shi a tsakiyar aiki don ka tsinci wani marfi mai sheƙi da ya burge ka.

Da hanya za ka fara, jirgi ya biyo baya. Ka tsaga gwangwala ko gora siri-siri, ka kankare su su zama kauri ɗaya, su ne ƙarafan dogonka. Ka yanka gutsattsarin totuwa masu inci 3, ka jera su a gicciye, tsakanin kowanne da ɗan'uwansa inci ɗaya da rubu'i. Kafin ka kafa kome, ka sami ɗan katako ka yi masa tsaga biyu daidai faɗin hanyar, ka riƙa dora shi a kan dogon kana turawa gaba kana kafewa da ƙayar aduwa. A lura, daga cikin ƙarfe zuwa cikin ƙarfe ake auna faɗin hanya. Wanda ya auna daga waje zai ga jirginsa ya ƙi zama.

Zan riƙa cewa taya, don kada ƙafar jirgi ta rikice mana da ƙafar awo. Tayar jirgin ƙasa tana da leɓe ta gefen ciki, shi ne yake riƙe ta kada ta zame daga kan dogo, shi ya sa direban jirgi ba shi da sitiyari. Marfin kwalba shi kaɗai ba zai yi ba, ba shi da leɓe, bakinsa kuma gantsare yake. Ga yadda nake yi. Na yanko da'ira mai faɗin inci ɗaya da rubu'i daga tsohon silifas, na buge marfin kwalba da dutse ya baje ya ɗan fi ta faɗi, na haɗa su na huda tsakiya da ƙusa. Robar ta hau kan dogo, marfin ya zama leɓe. Sai a zura taya biyu a wayar sifok ɗin keke, leɓunansu suna duban juna, a bar ɗan sarari kamar kaurin kwali tsakanin leɓe da dogo.

Yanzu sai kan jirgi, inda aikin yake da daɗi. Kan jirgi mai dizal ya fi sauƙi, doguwar akwati ce da tagogi. Ni dai na fi son mai tururi, wanda yake cin kwal ɗin Inugu, ko da yake an daɗe da daina aiki da irinsa a hanyarmu. Akwai wani iri da aka fara kawowa daga Birtaniya a 1948, wanda aka sa wa kowannensu sunan kogi. Tsarin tayoyinsa shi ne 2-8-2: ƙanana biyu a gaba masu shiryar da shi a kwana, manya takwas a tsakiya masu jan kaya, ƙanana biyu a baya masu ɗauke da nauyin murhu. Manyan sai ka yanka su inci 2.

Gwangwanin madara faɗinsa kamar inci 2 da rabi ne, watau ƙafa 5 a awonmu, daidai da tukunyar jirgi. Ka jera huɗu, ka naɗe su da kwali don mahaɗarsu ta ɓuya, ka ɗaure da siririyar waya wuri huɗu. A gaba ka kafa gajeren bututun hayaƙi, kada ya wuce inci ɗaya. A nan ne yara suka fi zarce gona da iri. A gadon bayan tukunyar ka sa tulluwa biyu da rabin ƙwallon goruba ko murfin man shafawa. Kowacce da amfaninta: a ɗaya ake tara busasshen tururi kafin ya tafi ga fistin, a ɗayar kuwa yashi ake zubawa, wanda direba yake saki a kan dogo in taya tana sulɓi. Saboda haka ka saukar da waya daga tulluwar yashin zuwa gaban taya, a madadin bututunsa. Ka sa fitila a goshi, da haƙoran ƙarfe a ƙasa masu ture abin da ya tare hanya. A baya sai ɗakin direba da mai zuba kwal, sannan taragon kwal da ruwa. Ka daka gawayi ka cika shi.

Sandunan da suke haɗa manyan tayoyi su ne suke ba jirgi rai, kuma akwai wani sirri a cikinsu. In fil ɗin da ya riƙe sandar dama yana sama daidai ƙarfe 12 na agogo, na hagu ba ya zama a 12, ba ya kuma zama a 6. A ƙarfe 3 yake zama, watau rubu'in zagaye tsakaninsu. Dalili shi ne akwai wuri biyu a kowane juyi inda fistin ba ya iya tura taya ko gaba ko baya. Da ɓangarorin biyu za su kai wurin nan tare, da jirgin da ya tsaya a haka ba zai tashi ba. Ka yi naka haka, ka tura shi a hankali, za ka ga sandunan suna bin juna kamar mata biyu masu daka a turmi ɗaya. Dole fa ramukan sandar su yi daidai da tazarar da take tsakanin tayoyin, in sun kauce ko da kaurin allura ne sai ta cije.

Wajen fenti ba sai ka je kanti ba. Tawadar allo, wadda ake haɗawa da baƙin tukunya da ƙaro, tana kama kwali da totuwa sarai. Amma jirgin da ya yi baƙi ƙirin tun daga kai har wutsiya bai yi kama da mai aiki ba. Ka jiƙa jar ƙasa kaɗan ka shafa a tayoyi da ƙasan taragai, ka ɗiga farar ƙasa inda ruwa yake zuba daga tukunya, ka barbaɗa toka a rufi. Ƙurar hunturu ma za ta taya ka kyauta. Taragai kuwa ka loda musu abin da hanyar nan ta yi suna da ɗauka, buhunan gyaɗa na tsumma da ɗaurin auduga, kowane buhu inci ɗaya da rabi.

Yawancin mutane da'ira suke shimfiɗawa, jirgi ya yi ta zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke. A ganina gara doguwar hanya a bakin katangar tsakar gida, tasha a tsakiya, Kaduna a wannan ƙarshe, Kano a wancan, reshen Ƙaura ya balle daga tashar. Inda hanya za ta rabu, ka bar gutsuren dogo mai inci 8 a kafe ta kai ɗaya, ɗaya kan kuma a sake, yadda za ka goce da shi ya haɗu da reshen da kake so. In za ka yi kwana, ka kafa ƙusa, ka ɗaura mata zare mai ƙafa 3, ka zana kwanar da shi. In ta fi haka tsanani, mai taya takwas zai sauka. Wata dabara ita ce ka cire leɓen manyan tayoyi huɗu na tsakiya, an yi wa wasu jiragen gaske haka. Hawa kuma kada ya wuce inci ɗaya a cikin ƙafa 4. Ka tankaɗe tsakuwa da rariya, ka zuba ƙananan a tsakanin totuwar.

A bayan hanyar za ka iya gina ganuwa da yumɓu har da Ƙofar Doka, ka tsaga kwari a madadin Kubanni wanda ya ratsa tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari, ka dora dutse daga can nesa ya zama Kufena. Gaskiya ne tsakanin tasha da ganuwa akwai tafiya, kuma mil ɗaya a awonmu ƙafa 220 ne, babu gidan da zai ɗauke shi. Masu wannan aiki sun yarda a taƙaita nisa. Girman abu ne ba su yarda a taɓa ba.

Ina roƙon iyayenmu, in sun ga yaro da rula da gwangwani, su tambaye shi inci nawa taragon ƙafa 40 zai zama kafin su kore shi. In ya ce 20, to, lissafin aji yake yi a tsakar gida. Abin da ya kamata a tsare shi ne lokacin makarantar allo da na aikin gida, da kuma kaifin gwangwani. A lanƙwasa bakin duk wanda aka yanka, wanda ya yanke da mai tsatsa kuma a kai shi asibiti. Wanda zai je tasha ya duba yadda aka haɗa dogo, ya tafi da babba, ya nemi izinin ma'aikata, kada ya taka kan hanya ko ya shiga ƙarƙashin tarago, ko da ya ga kamar ya shekara a ajiye. Mai son ganin jirgin tururi ido da ido, akwai na tsohuwar hanyar Jos a gidan tarihi na Jos. Tsofaffin da suka yi aikin reluwe ma suna nan a unguwanni, in ka kai musu naka za su nuna maka inda ka sa abu ba daidai ba.

Sauran abu ɗaya, gara. Ita ce ta sa aka shimfiɗa yawancin tsohuwar hanyarmu a kan gicciyen ƙarfe maimakon katako, kuma totuwa a wurinta tuwo ce. Kada ka bar hanyarka ta kwana a ƙasa. Ka kafa ta a kan falankai masu ƙafa 3 ko 4, ka sa wa kowanne lamba, in ka gama ka ɗauke su ka rataye a zaure. Wanda ya gama babbar hanya kuma yana da sauran kara, sai ya gwada ta Jos a gefenta. Faɗinta a awonmu inci ɗaya da rubu'i ne, kuma za ta bukaci nata taragai da nata dandamalin sauke kuza.