Darasi: Hirar Siyasa a Wurin Aiki

'Yan'uwa, duk inda mutane suka taru domin aiki, ko a gona, ko a wurin haƙar rijiya, ko a ƙungiyar adashin mata, hirar siyasa takan shigo. Me shugaban aiki zai yi sa'ad da bakin ma'aikaci ya jawo rigima?

Mu fara da birnin Kano. A unguwar Gwammaja, cikin ƙaramar hukumar Dala, akwai Gidan Mambayya, inda Malam Aminu Kano ya zauna. Malamin makaranta ne a Maru, yana kuwa sukar mulkin En'e a fili. A 1950 ya ajiye aikin ya shiga NEPU. Ya ga albashi da irin maganar da yake so ya yi ba za su zauna inuwa ɗaya ba, sai ya zaɓi ɗaya.

Wasu kuwa zaɓar musu aka yi. A Afrilun 2020 Gwamna Abdullahi Ganduje ya sauke kwamishinan ayyuka, Mu'azu Magaji, saboda abin da ya rubuta a Facebook game da rasuwar Abba Kyari. A Oktoban shekarar aka dakatar da Salihu Tanko Yakasai, mai taimaka wa gwamnan kan yaɗa labarai, don ya soki Shugaba Buhari. Aka mai da shi, ya sāke suka bayan sace 'yan matan makarantar Jangebe, aka sallame shi a Fabrairun 2021. Ku lura, maganganun biyu ba iri ɗaya ba ne. Na farkon, jama'a sun ɗauka murna ce da mutuwar mutum. Na biyun kuka ne a kan rashin tsaro. A ganina bai kamata a auna su da mudu ɗaya ba. Amma muƙamin siyasa haka yake, wanda ya ba ka shi ne mai karɓewa.

To, a hana hirar gaba ɗaya? Kamfanin Basecamp na Amurka ya gwada a 2021, ya hana maganar siyasa a dandalin aikinsa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatan suka tafi. Sashe na 39 na tsarin mulkin Nijeriya ma ya ba kowa 'yancin faɗin ra'ayi. Cikin almajiran Yesu akwai Matiyu da ya karɓa wa Romawa haraji, ga kuma Saminu Zaloti, duk tare suka yi hidima.

Abin da ya fi amfanar kwamitinmu na ikilisiya shi ne a kafa ƙa'ida tun ba a yi faɗa ba, a karanta wa kowa. Ra'ayi ba laifi ba ne. Zagi, da ba'a ga addini ko ƙabilar wani, su ne laifi. Ranar rabon taki ko hatsi a bar hular jam'iyya a gida, domin matalauci kada ya zaci da ƙuri'arsa zai biya. In wani ya keta, a kira shi a keɓe, a ji daga bakinsa, a yi masa gargaɗi kafin a kai ga kora. Ƙa'idar kuma ta hau kan ɗan jam'iyyar shugaban kwamiti yadda ta hau kan ɗan adawa. Nan ne akan fi tuntuɓe.

Ku tattauna a taronku: in ma'ajin ƙungiyarku ya zagi ɗan takara a kasuwa, ba a wurin aiki ba, kwamiti yana da ta cewa?