Yadda A Ke Zaɓen Fiffiken Ƙaramin Jirgin Shawagi

In kaka ta yi a Lambara da sauran ƙauyukan da ke wajen Boɗinga da Shagari, aka yanke dawa aka kai rumbu, yara su kan sami abin wasan da ba a saye da kuɗi, watau kara. Da shi su ke ƙera mota da tabarau da jirgin sama, su ɓare bayansa su yi tsinke, su soke totuwarsa, har abin ya ba babba sha'awa. Sai dai jirgin nasu na kallo ne, in an jefa shi ƙasa ya ke nufa. Da yawa daga cikinmu za su fita makarantar nan su tsaya gaban irin waɗannan yara, su ce musu iska tana iya ɗaukar abin da ya fi ta nauyi. Malamin da ya faɗi haka, ya jefa jirginsa gaban aji ya faɗi tim, ya yi hasarar abin da ya fi kara tsada, gama daga ran nan yara sun ɗauki maganarsa tatsuniya. Saboda haka ya kamata mu san abin da ke sa ƙaramin jirgi maras inji ya yi shawagi, kuma mafi yawan asirin yana ga fiffike.

Abin da mu ke nufi da ƙirar fiffike shi ne wannan. A ɗauki fiffike a yanka shi daga gaba zuwa baya, kamar yadda a ke yanka rake, a dubi fuskar yankan. Za a ga bakin gaba da bakin baya, da doro a sama, da ciki a ƙasa. Nisan da ke tsakanin bakunan nan biyu shi ne faɗin fiffike, da shi kuma a ke gwada kauri da tanƙwara, a ce kashi kaza cikin 100.

Aikin fiffike kuwa shi ne ya karkatar da iskar da ya ke ratsawa ta nufi ƙasa. Sa'ad da ya tura ta ƙasa, ita kuma sai ta tura shi sama, matsin iska a doronsa ya kan kasa na cikinsa. Wanda ya taɓa miƙa tafinsa ta tagar mota a hanyar Sakkwato zuwa Jega, ya ɗan ɗaga gaban yatsunsa, ya ji yadda hannu ke neman tashi. Akwai wata magana da ta bazu cikin littattafan makaranta, wai iskar da ta bi doro tilas ta riski wadda ta bi ciki a bakin baya, wai shi ya sa ta ke sauri. Kada ku koya wa yara wannan. An gwada da hayaƙi an gani, ta saman ta kan riga ta ƙasan isa, ba su yi alkawarin haɗuwa ba.

Tun da daɗewa masu bincike suka lura fiffike mai doro ya fi shimfiɗaɗɗe ɗauka. Cikin 1804 wani Bature na Ingila, George Cayley, ya ƙera ƙaramin jirgin shawagi na jifa da hannu, kakan irin wanda mu ke magana. Otto Lilienthal na Jamus ya yi shekaru yana duban fiffiken wani farin tsuntsu ɗan'uwan shamuwa, ya buga littafi a kan tashin tsuntsaye cikin 1889, ya yi shawagi da kansa wajen sau 2,000 kafin ya faɗo ya mutu cikin 1896. 'Yan'uwan nan biyu na Amurka, Wilbur da Orville Wright, sun gwada ƙananan fikafikai wajen 200 cikin akwatin iska a 1901, sa'an nan suka tashi da inji ran 17 ga Disamba, 1903. Shekara 22 bayan wannan, cikin 1925, jirage uku na sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka Kano.

To, ga inda mai ƙaramin jirgi ya kan ruɗe. Ya buɗe littafi ya ga ƙirar da ta yi suna, kamar wadda a ke kira Clark Y, wadda Virginius Clark ya zana cikin 1922. Cikinta a shimfiɗe, doronta a tashe, kaurinta kusan kashi 12 cikin 100 na faɗi. Da ita Lindbergh ya ƙetare tekun Atalantika cikin 1927. Sai mutum ya ce, abin da ya ƙetare teku ai ba zai kāsa ƙetare filin makaranta ba. Ya rage ta, ya ɗora wa ɗan jirginsa. Ashe zanen aro ba ya rufe katara.

Dalili shi ne iska tana da ɗan danƙo, ko da ya ke ba mu jinsa. Kowane abu da ke ratsa ta, akwai wata 'yar siririyar fatar iska da ke manne da jikinsa tana jan ƙafa. Ku kunna turaren tsinke cikin ɗakin da ba iska, ku duba hayaƙinsa. Da fari zai miƙe sumul kamar zare, can sama kaɗan sai ya hargitse ya dinga murɗawa. Fatar iskar nan ma hali biyu gare ta, ko ta kwanta sumul ko ta hargitse. Abin mamaki, kwantacciyar ita ce raggo. In ta haye ƙololuwar doro ta fara gangarawa wajen bakin baya, inda matsi ke ƙaruwa, sai ƙarfinta ya ƙare ta saki fiffike, ta bar wata matacciyar iska a baya tana jan jirgi. Hargitsattsiyar kuwa tana cuɗanya da iska mai sauri da ke bisanta, tana samun ƙarfi daga gare ta, don haka ta kan bi doro har kusa da ƙarshe. A babban jirgi fatar nan ta kan hargitse da kanta tun da wuri. A ƙarami mai tafiya sannu ba ta kan yi ba, sai ta saki doro tun tana kwance, kuma gwargwadon kaurin fiffike gwargwadon saurin sakinta.

Akwai lissafin da ke nuna wane hali a ke ciki, ana kiransa lambar Reynolds, da sunan Osborne Reynolds na Mancesta wanda ya yi bincike a kan gudun ruwa cikin bututu a 1883. Ga yadda za mu sauƙaƙa shi. A ɗauki saurin jirgi, mita nawa cikin sakan ɗaya, a riɓa da faɗin fiffike a santimita, sa'an nan a riɓa da 680 in da sanyin asubar hunturu ne. In da zafin bazara irin na ƙasar Sakkwato ne, a riɓa da 600, domin iska mai zafi ta fi sako-sako kuma ta fi danƙo. Mu ce jirginmu tsawon fiffikensa santimita 60 ne, faɗinsa 10, nauyinsa duka giram 50. Irin wannan zai yi tafiyar wajen mita 5 cikin sakan. Watau 5 sau 10 sau 600, ya ba mu 30,000. Babban jirgin shawagi mai ɗaukar mutum, mai faɗin fiffike santimita 100, mai gudun mita 25, lambarsa 1,500,000 ce. Ya riɓa namu sau 50. Iska ɗaya ce, amma ba hali ɗaya ta ke nuna musu ba.

Wanda ya fara bin wannan al'amari filla-filla saboda ƙananan jirage wani Bajamushe ne, F. W. Schmitz, littafinsa ya fito cikin 1942. Ya sa fikafikai iri iri cikin akwatin iska yana rage sauri. Ya tarar mai kauri kashi 12, ɗan'uwan Clark Y, yana aiki lafiya har lamba ta sauko wajen 63,000, daga nan sai ɗaukarsa ta faɗi farat ɗaya, jansa ya hau. Mai kauri kashi 20 tun wajen 105,000 ya ke lalacewa. Amma wani siririn faifai da aka tanƙwara kusan kashi 6, bai damu ba, a 42,000 ya tsere musu duka. Ku tuna namu 30,000 ne. Ba ma kusa da inda kaurara ke aiki.

Wanda ya duba halittun Allah zai ga haka tun kafin lissafi. Ungulu, wadda ta yi wuyar gani a kasuwanninmu yanzu, fiffikenta da kauri ta wajen ƙashi. Na jemage fata ce shimfiɗe a kan yatsu. Na fara kuwa kamar takarda, da jijiyoyi a tsattsaye. Ko ɗan jirgin nan mai farfela da Amurkawa suka tasa a duniyar Mas cikin 2021, inda kaurin iska wajen kashi 1 ne cikin 100 na tamu, siraran fikafikai masu ɗan doro aka yi masa, gama lambarsa ƙarama ce kamar tamu.

Saura zaɓe. Shimfiɗaɗɗen faifai, na kwali ko na farin farantin nan maras nauyi da a ke zuba abincin sayarwa, shi ya fi sauƙin yi, ba shi da rikici wajen daidaitawa, ya isa 'yan aji na ƙasa. Amma ɗaukarsa kaɗan ce, sai ya yi gudu, kuma da wuri ya ke sauka. Mai kauri mai shimfiɗaɗɗen ciki a bar shi sai ran da aka ƙera jirgin da faɗin fiffikensa ya kai santimita 20, ya kuma fi namu gudu. A ganina, ga jirgin da bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba, babu kamar siririn faifai mai doro. A faɗin santimita 10, doro ya tashi milimita 4 zuwa 6, ƙololuwarsa ta kasance santimita 4 daga bakin gaba, kaurin jiki kada ya wuce milimita 5. Kada kwaɗayin ɗauka ya sa a zurfafa shi kamar ƙoƙo, ja zai ƙaru ya cinye ribar.

Turawa da katakon balsa su ke yi, wanda mafi yawansa daga Ekwado ya ke fitowa, itacen kuwa dangin rimi ne da kuka. Mu ba mu rasa madadi ba. Sillen karan dawa busasshe miƙaƙƙe ya isa gangar jiki. Ɓawon kara da aka tsaga siriri shi ne haƙarƙari, a tanƙwara su duka a kan ma'auni ɗaya da aka yanka a kwali, a jera kowane santimita 5. A sa tsinken gwangwala a bakin gaba da wani a ƙololuwar doro, a rufe bisa kaɗai da takarda marar nauyi, a liƙe da ƙaro. Kada a jiƙa takardar don ta ɗame, busasshiyar iskar hunturu za ta ja ta ta murɗe fiffike, murɗaɗɗen fiffike kuwa ko ƙirarsa ta fi ta kowa kyau sai ya yi ta juyi ya faɗi. A rufe ido ɗaya a dube shi ta gaba, a tabbata dama da hagu sun yi daidai.

Fiffike mai doro yana da hali ɗaya da ya kamata a sani, yana son dunƙufar da hancin jirgi. Maganinsa wutsiya mai faɗi, wajen rubu'in fiffike, shimfiɗaɗɗiya ba doro. A ɗaga bakin gaban fiffike milimita 4 bisa na baya, a ɗaga kowane ƙarshensa santimita 5 kamar yadda shirwa ke yi in za ta sauka, don jirgi ya riƙa miƙe kansa in ya karkata. A liƙa ɗan ƙusa ko danƙo a hanci har jirgi ya tsaya daidai bisa yatsu biyu da aka sa santimita 3 daga bakin gaba.

In wani ya riga ya ƙera mai kauri, kada ya jefar tukuna. Ya samo zare mai ɗan kauri ya liƙa shi bisa doro daga wannan ƙarshe zuwa wancan, santimita 1 ko 2 bayan bakin gaba. Zaren zai yi wa kwantacciyar iska tuntuɓe ta hargitse, ta kama doro. Schmitz ma ya nuna haka da waya da ya ɗaura gaban fiffike. Yara su kan yi gardama a nan, su ce yaya kaushi zai fi santsi? A bar su su yi, sa'an nan a fita fili, gani ya kori ji.

Ga yadda za a yi gwajin. Gangar jiki ɗaya, fikafikai uku masu tsawo da faɗi ɗaya, a riƙa ɗaura su da roba, a daidaita nauyinsu. A fita da sassafe ko gab da magariba sa'ad da iska ta kwanta, ba da tsakar rana ba lokacin da guguwa ke yawo cikin gonaki. Yaro ɗaya ne zai yi jifa duka, daga kafaɗarsa, hanci ya ɗan dubi ƙasa, turawa a hankali ba wurgi ba. Kowane fiffike sau 10, a auna nisa, a fid da matsakaici, a raba da tsawon da aka sako shi. In daga mita ɗaya da rabi ya tafi mita 9, rabonsa 6 ke nan. In jirgi ya ɗaga hanci ya tsaya ya faɗo, a ƙara nauyi a gaba. In ya nutsa, a rage. Sai an gyara wannan ga kowane fiffike tukuna a fara rubuta lamba a allo, in ba haka ba daidaitawa a ke gwadawa, ba ƙira ba.