Darasi daga Tarihi: Asarar da Guguwar Farkon Hunturu ke Jawo wa Tattalin Arziki

A ƙasashen da ake zuba dusar ƙanƙara, guguwar da ta riga lokacinta sau da yawa ta fi ta tsakiyar hunturu ɓarna. Dalili kuwa shi ne takan tarar da dabbobi a makiyaya, itatuwa da ruwa a jikinsu, jiragen kaya kuma a kan hanya. Tarihin Amurka ya tabbatar da haka sau uku cikin shekara ɗari.

Daga ranar 7 zuwa 10 ga watan Nuwamba na shekarar 1913, guguwa ta afka wa manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada. A irin wannan lokaci ne jirage ke rige-rigen kai lodinsu na ƙarshe na gawayin kwal da tama da hatsi kafin ruwa ya daskare, saboda haka da yawa suna tsakiyar ruwa. Jirage 12 suka nutse, mutane fiye da 250 suka rasa rayukansu.

Ta ranar 11 ga Nuwamba, 1940, ita ce ta fi barin tabo a harkar noma. Gari ya waye da ɗumi a jihohin Minnesota da Iowa da maƙwabtansu, har mafarautan agwagi suka fita bakin kogin Mississippi da tufafi marasa kauri. Kafin yamma iska ta juya, sanyi ya sauko, ƙanƙara ta rufe hanyoyi. A garin Collegeville zurfinta ya zarce inci 26. Mutane kusan 150 ne suka mutu, 49 daga cikinsu a Minnesota, 66 kuma ma'aikatan jirage ne a tafkin Michigan. Talo-talo fiye da miliyan ɗaya da ake kiwo domin bikin godiya na ƙarshen watan suka hallaka.

Babbar asara ta faɗa wa gonakin tuffa na Iowa. Da yake kakar bana ɗin ta zo da ɗumi, itatuwan ba su shiga hutun hunturu ba, sai ruwan jikinsu ya daskare suka mutu. Sabon dashe yana bukatar jari mai yawa da shekaru kafin ya yi 'ya'ya, don haka manoma da dama suka tumɓuke kututturan suka koma noman masara da waken soya. Har ila yau, wannan masifa ta sa aka gyara tsarin hasashen yanayi. A da, ofishin Chicago ne ke yi wa yankin hasashe. Daga baya aka ƙara ofisoshi, aka kuma mayar da aikin dare da rana.

A farkon watan Oktoba na 2013 abin ya sake faruwa a yammacin jihar Dakota ta Kudu. Ruwan sama ya fara jiƙa shanu tun gashin hunturu bai fito musu ba, sa'an nan ƙanƙara da iska suka biyo baya, dubun-dubatarsu suka mutu a makiyayar bazara. Abin ya zo daidai da lokacin da aka rufe ofisoshin gwamnatin tarayya saboda taƙaddamar kasafin kuɗi, shirin biyan diyyar dabbobi kuma wa'adinsa ya riga ya ƙare. Sai da aka sa hannu a kan sabuwar dokar noma a watan Fabrairu na 2014 hanyar biyan makiyaya ta buɗe.

Abin lura a nan shi ne, girman asara bai tsaya ga ƙarfin iska kaɗai ba. Ya danganta ga inda dukiya take a ranar, da saurin isar gargaɗi ga mai ita, da kuma ko an tanadi inshora da diyya tun kafin masifar ta sauka.