Uwar Mijina Ta Ce Daga Danginmu Ciwon Ya Fito

 Malam, daga Fulatari nake rubuto maka, raina a ɓace. Ɗana na fari, duk ranar da ya ci nama da yawa sai ya rikice, ya yi ta barci da rana tsaka, in an tashe shi ya ƙura wa mutum ido kamar bai san shi ba. Ranar Babbar Sallah da sunan ƙanwata ya kira ni. Mun kai shi Diffa, likita ya ce matsalar jijiyar hanta ce, da ita aka haife shi. Tun ranar uwar mijina ta samu abin faɗa, wai daga danginmu ne, wai su a gidansu ba a taɓa haifar mai taɓin hankali ba. A bakin rijiya ta faɗa, gaban mata. Ni ke kwana a kansa, ita sai turare da jiƙe-jiƙe. Shekara tara ina yi mata biyayya, sakayyata ke nan? In koma gidanmu ko in haƙura?

Uwar yaro, Fulatari

'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Kin kai ni har bakin rijiya, amma ba ki faɗi shekarun yaron ba, balle awon da aka yi masa. Ina takardun asibitin? Zancen yaji ajiye shi, ba shi ne a gabanmu ba.

Ɗanki ba mahaukaci ba ne. Jinin da ya kwaso abinci daga hanji, hanta yake fara bi ta tace shi. Wasu yaran tun a ciki ake samun wata jijiya ta ratse da ke kewaye hantar, kamar ruwan Komadugu ya ɓalle ta gefe bai bi ta inda aka gyara masa ba. Sai gubar amoniya, wadda ke ƙaruwa bayan cin nama, ta wuce kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa. Barcin da rikicewar ke nan. Likitan Ingila John Abernethy ya bayyana wannan lahani tun 1793, kuma babu laifin uwa a ciki.

Jiƙe-jiƙen nan ne suka tayar mini da hankali. Yaron da jininsa ke tsallake matata, shi ake ɗura wa saiwoyin da ba a san ƙarfinsu ba? A daina yau, kuma mijinki ne zai faɗa wa mahaifiyarsa, ba ke ba. Kada kuma ku hana shi nono da nama gaba ɗaya, girma yake yi. Likita ne zai ƙayyade. Kada a bar shi da taurin bayan gida, yana tsananta abin, shi ya sa ake ba da maganin lactulose.

Ku koma Diffa da takardun, ku nemi hoton ciki mai nuna gudun jini, in ta kama a tura ku Damagaram ko Yamai, domin a yara da dama ana iya toshe jijiyar. Ranar da kuka tashe shi ya ƙi farkawa sosai, ku kama hanyar asibiti a daren, kada ku jira gari ya waye.