Shawara ga mazauna gaɓar Kogin Haɗejiya

Ruwan da ke cin gari a kwarin Haɗejiya sau da yawa daga nesa yake tahowa. Sama na iya zama garau a Auyo ko Guri, alhali an tafka ruwa a Kano, madatsun Tiga da Challawa sun tumbatsa, kogi yana tafe. Ga ciyawar kachala ta toshe masa hanya, dole ya fantsama gonaki da gidaje. Haka aka gani a 2022, shekarar da ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya.

Don haka daga Agusta zuwa ƙarshen Satumba, kogin za ku sa wa ido. Ku kafa sanda a gaɓa, ku yi mata alamomi, wani ya riƙa dubawa safe da yamma. In ruwa na ta hawa, a kwashe hatsi, iri da dabbobi zuwa tudu da rana tsaka, tsofaffi da yara su bi. Jingar buhunan ƙasa tana da amfani, amma wadda aka yi da gayya tun farkon damina. Wadda ake yi cikin dare da tocila ba ta cika tsayawa ba.

Abin da ya fi damuna ginin ƙasa ne. Bangon da gindinsa ya jiƙa ba ya sallama kafin ya faɗi. Kada kowa ya kwana a irin wannan ɗaki, ko da ruwa ya janye.

Rijiyar da ambaliya ta shiga kuwa, a tafasa ruwanta kafin a sha, saboda amai da gudawa.